Filin Tambaya da Amsa: Rawar Chhau ta Indiya, daga horon mayaƙa zuwa dandalin wasa

Wasiƙu da dama daga cikin waɗanda masu karatu suka aiko mana a wannan karo sun taru a kan magana guda, wato wata rawar gargajiya ta ƙasar Indiya da ake yi da takobi da garkuwa, saboda haka muka ga ya dace mu ba ta filin gaba ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin gwargwadon yadda wuri zai ishe mu, ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya, daga wani matashi mai sana'ar ɗinki a unguwar Sabon Gari, Maraɗi: Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo a wayar abokina, wasu maza sun ɗaura manyan fuskoki masu ado da gashin tsuntsu, suna riƙe da takubba, suna tashi sama suna alkafura suna dira bisa gwiwa, ganguna kuma na ta amo. An rubuta cewa a Indiya ne, amma sam abin bai yi kama da rawar da muka saba gani a finafinansu ba. Shin faɗa ne ko rawa, kuma mene ne sunansa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka gani rawa ce, sunanta Chhau, ana furta shi kamar a ce "cau", kuma daga yadda ka siffanta girman fuskokin da dirar bisa gwiwa, salon Puruliya ne ya faɗo hannunka. Ba ka yi kuskure ƙwarai ba da ka ɗauke ta faɗa, domin a cikin horon faɗa jijiyarta take, kuma har gobe wanda zai koye ta sai ya fara da abin da mayaƙi yake farawa da shi.

Gidan wannan rawa yana gabashin Indiya, a wani yanki mai duwatsu da dazuzzuka inda iyakokin jihohi uku suka kusanci juna, kuma kowace jiha da nata salo. Akwai salon Seraikela a jihar Jarkand, wadda aka cire daga Bihar a shekarar 2000, akwai salon Puruliya a jihar Bengal ta Yamma mai babban birni a Kalkata, sannan akwai salon Mayurbanj a jihar Odisha, wanda cibiyarsa take garin Baripada. Mutanen Seraikela da na Puruliya suna ɗaura fuskar aro, wato fuskar da aka ƙera aka yi mata fenti, amma na Mayurbanj da fuskar da Allah ya ba su suke shiga fage. Mafi yawan masu wannan rawa, musamman a Puruliya, talakawa ne manoma da masu aikin ƙarfi, waɗanda suke noma da damina su yi wasa da rani, kuma wannan kaɗai ya isa ya bambanta ta da rawar fim, wadda ake tsara wa ƴan wasa a birni saboda kyamara.

A Seraikela tushen horon shi ne abin da suke kira parikhanda, atisayen garkuwa da takobi da sojojin sarkin garin suka riƙa yi da sassafe a bakin kogin Kharkai. Fagen da ake koyarwa ana ce masa akhada, kuma shi ne dai sunan da ƴan kokowar Indiya suke ba nasu fagen. Yaro yakan shiga tun yana ƙarami, a hannun malami wanda sau da yawa uba ne ko baffa ko kawu, kuma abu na farko da za a gyara masa shi ne tsayuwa: ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauke nauyin jikinsa ƙasa, ya daɗe a haka har cinyoyinsa su saba. Daga nan ne za a shiga sara da karewa, da juyi, da tsalle, da yadda ake tunkarar abokin gaba da yadda ake ja da baya ba tare da an ba shi ƙeya ba. Wannan sashe na dabarun faɗa suna kiransa khel.

Sai dai kuma, kuma nan ne abin ya fi burge ni, ba daga fagen fama kaɗai suka ɗebo motsinsu ba. Akwai sashen taku da suke kira chali da topka, inda mai rawa yake kwaikwayon tafiyar dabbobi da tsuntsaye, kamar sanɗar damisa, da tsallen barewa, da takun tsuntsun bakin ruwa mai ɗaga ƙafa a hankali. Akwai kuma sashen da ake kira ufli, wanda aka ɗauko daga aikin matan ƙauye na yau da kullum: shara, da daka, da niƙa, da yayyafa ruwa a tsakar gida, da wanka a rafi. A salon Mayurbanj ana lissafa topka 6 da ufli 36, kuma abin lura shi ne da ƙafa ake nuna waɗannan ayyuka, ba da hannu ba. Ƙato ne zai tsaya bisa ƙafa guda, ɗayar kuma ta zagaya a iska ta yi aikin tsintsiya ko na taɓarya. Wanda bai taɓa gwada tsayuwa bisa ƙafa ɗaya yana juyi ba, ba zai san irin ƙarfin ƙugu da ake buƙata ba. A yawancin manyan raye-rayen Indiya, ido da yatsun hannu ne suke ba da labari, amma a Chhau ƙafa da ƙirji da kafaɗa su ne masu magana.

Kiɗan da ka ji ba zai zama baƙo a kunnen Bahaushe ba. Akwai dhol, ganga mai baki biyu da ake ratayawa, akwai dhumsa, wani ƙaton tambari mai zurfin murya da ake ji daga nesa, sannan akwai mohuri da shehnai, waɗanda busa ce irin ta algaita. Da dare ake yin wasan, a fili, mutane sun yi da'ira, kuma a Puruliya makaɗi ba ya zama wuri guda, yakan shiga tsakiyar fage yana zagayawa yana zuga masu rawa da ihu kafin su fito.

Tambaya, daga wani dattijo a Tibiri, wanda jikansa ya rubuta masa: Ni tsohon ɗan kokowa ne, kuma kakannina mayaƙa ne. Jikana ya nuna mini wannan wasa ya ce wai asalinsa horon soja ne. Abin da ya dame ni shi ne, idan namiji ya ɗauki takobi ya mai da shi abin rawa don ƴan kallo, ashe bai zubar da darajar takobin ba? Ta yaya ma aka yi aikin yaƙi ya koma wasa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Tambayarku ita ce mafi nauyi cikin duk waɗanda suka zo, kuma zan amsa ta da girmamawa ko da yake ra'ayina ya ɗan saɓa da naku.

Bari mu fara da yadda abin ya faru. Seraikela da Mayurbanj ƙananan masarautu ne masu sarakunansu da dakarunsu, kuma a ƙasar Odisha akwai wani rukuni na mayaƙa manoma da ake kira Paika, waɗanda sarki yake ba gonaki, su kuma su fito masa da makamai ranar da aka buga tambarin yaƙi. Da Turawan Ingila suka kafu, suka karɓe wa waɗannan mutane gonakinsu, har abin ya kai ga tawayen Paika na shekarar 1817 a yankin Khurda, wanda Bakshi Jagabandhu ya jagoranta, aka kuma murƙushe shi. Tun daga zamanin da Turawa suka riƙe ƙasa, masarautu ba su ƙara samun damar kai wa juna hari ba, bindiga kuma ta riga ta rage wa takobi amfani. To, sai ga mutane da ilimin da suka gada kaka da kakanni a jikinsu, ga shi kuma babu inda za su yi aiki da shi. Masana sun yi saɓani a kan yawan abin da Chhau ta ɗauka daga horon soja da wanda ta ɗauka daga raye-rayen farauta da bukukuwan ƙabilun yankin, amma babu mai musun cewa waɗannan magudanai sun haɗu a cikinta, kuma fada ce ta tattara su a Seraikela da Mayurbanj.

Abin da zai ba ku mamaki, Baba, shi ne a Seraikela ƴaƴan sarki da kansu suke shiga fage su yi rawar, su tsara sababbi, su koyar. Kumar Bijay Pratap Singh Deo, ɗan gidan sarautar, shi ne aka fi tunawa da gyara salon ya zama yadda aka san shi a yau, kuma a shekarar 1938 tawagar Seraikela ta kai wasan har ƙasashen Turai. Wani ɗan gidan, Sudhendra Narayan Singh Deo, ya samu lambar girma ta Padma Shri a 1991 saboda wannan rawa. A Mayurbanj kuwa, Sarki Sriram Chandra Bhanj Deo ne ya shirya wata babbar rawar yaƙi da aka nuna a gaban Sarkin Ingila George na Biyar a Kalkata a farkon shekarar 1912. A Baripada an raba masu rawa gida biyu, Uttar Sahi da Dakshin Sahi, wato unguwar arewa da unguwar kudu, suna gasa da juna kowace shekara, kuma ku da kuka yi kokowa kun fi kowa sanin yadda kishin gari yake sa saurayi ya tashi da asuba ya yi horo ba tare da an tashe shi ba. Wannan ya nuna cewa mutanen da takobin yake gadonsu ba su ga ƙasƙanci a cikin abin ba.

Ni a ganina darajar takobi ba a ƙarfen take ba, tana cikin abin da ake gina wa mai riƙe shi: juriya, da ladabi ga malami, da sanin nauyin jiki, da iya tsayawa gaban namiji ba tare da ido ya kaɗa ba. Idan yaƙi ya ƙare, kuma muna roƙon Allah ya ƙare a ko'ina, abu biyu ne zai sami wannan ilimi. Ko dai a samar masa wani fage da mutane za su ci gaba da taruwa dominsa, ko kuma ya bi tsofaffi zuwa kushewa. Mutanen gabashin Indiya sun zaɓi na farko, shi ya sa yau yaro ɗan shekara goma a Baripada ya san yadda kakan kakansa yake riƙe garkuwa.

Ku dubi namu gida. Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da aka kafa a cikin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, kuma sunayen Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore ba su ɓace a bakin maroƙa ba. Amma ina takun dakarun ƙasa, ina yadda ƴan baka suke jeruwa, ina dabarun mai garkuwa idan barde ya taso masa? Kirarin ya rage, kiɗan ya rage, wani abu ya rage a hawan salla da wasan ƴan tauri da fitar mafarauta, amma horon kansa, mataki bayan mataki, ba a mai da shi karatu da ake ba yaro ba. Kokowa ce kaɗai ta yi sa'a, domin tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara, ta samu fage da ranar da kowa ke jira da kuma hukuma mai tsaya mata. Kuma ku lura, Baba, abin da ake miƙa wa zakaran kokowa takobi ne, ba a kuma taɓa cewa an wulaƙanta takobi don an ɗaga shi a gaban ƴan kallo ba.

Ba zan ɓoye muku cewa akwai gaskiya a cikin damuwarku ba. Duk abin da ya koma hannun ƴan kallo yana iya lalacewa, idan aka fifita tsallen da ke jawo tafi a kan horon da ba a gani, ko aka gutsure wasan dare guda ya koma minti goma don baƙi masu ɗaukar hoto. Malaman Chhau da kansu suna kuka da wannan. Amma wannan laifin gaggawa ne da neman kuɗi, ba laifin rawar ba.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Malam, ni fuskokin ne suka ɗauki hankalina. Da me ake yin su, kuma yaya mai rawa zai nuna fushi ko baƙin ciki alhali fuskarsa a rufe take? Sannan ban ga mace ko ɗaya a cikinsu ba.

Amsa: Ƙanwata, madalla da wannan lura. A gundumar Puruliya akwai wani ƙauye mai suna Charida, kusa da Baghmundi, wanda kusan sana'arsa ke nan, kuma iyalan da ake kira Sutradhar ne suka gaje ta. Da farko sukan gina siffar fuskar da yumɓu, su barbaɗa mata toka don kada abin da za a ɗora ya manne, sannan su liƙa takarda da manne hawa-hawa, su shafa laka mai laushi, su rufe da ƙyalle, su goge, su shanya a rana. Idan ta bushe sai a ɓamɓare ta daga yumɓun, a huda ido da hanci, a shafa farin fenti, sannan a bi da launi. Launin ba yadda aka ga dama ake sa shi ba, domin da shi ɗan kallo yake gane wanda ya shigo fage tun daga nesa: miyagu sukan zo da baƙi ko kore mai duhu, da manyan idanu, da gashin baki mai kauri, da haƙora a waje, na kirki kuma da fari ko ruwan ɗorawa. A bisa kai ake ɗora kambi mai faɗi na duwatsun ado da waya da gashin tsuntsu, kuma da wannan nauyi a ka mutum yake yin alkafurar da aka gani. A shekarar 2018 hukumomin Indiya suka yi wa fuskar Chhau ta Puruliya rajistar asalin wuri, wadda take kare sunanta daga masu kwaikwayo a wasu garuruwa.

Fuskokin Seraikela daban suke, ƙanana ne, masu laushin launi, ba su da yawan ado, kuma an yi su ne yadda ba su nuna dariya ko kuka ƙarara. A nan amsar tambayarki take. Tun da an hana fuska magana, dole sauran jiki ya karɓi aikin. Idan mai rawa ya sunkuyar da kai kaɗan, haske ya faɗa wa fuskar ta wani gefe, sai ki ga kamar ta yi baƙin ciki. Idan ya ɗaga haɓa ya buɗe ƙirji, sai ta zama ta mai izza. A Puruliya girgiza kafaɗa da ƙirji ita ce alamar fushi da shirin faɗa. Raye-rayen Seraikela da suka yi suna sun haɗa da na ɗawisu, da na dare, da na matuƙin kwale-kwale da matarsa, da na barewar da kibiya ta soka, kuma ba su cika tsawo ba, saboda numfashi a bayan fuskar aro yana da wuya.

Game da mata, a al'adance maza ne suke rawar, har matsayin mata su suke hawa. Amma abin ya sauya. Ileana Citaristi, ƴar ƙasar Italiya da ta zauna a Odisha tun 1979, ta koyi salon Mayurbanj har ta ƙware, ta kuma samu Padma Shri a 2006, kuma a yau akwai ƙungiyoyin ƴan mata zalla a ƙauyukan Puruliya da suke ɗaura fuskar su yi tsallen kamar yadda ƴan'uwansu maza suke yi.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Madarunfa: Na ji an ce siffofin da suke ɗaurawa na abubuwan bautarsu ne. Shin wannan rawa ibada ce a wurinsu? Ina so in san abin da zan gaya wa ɗalibaina idan sun tambaye ni.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, kuma ya kamata a faɗi abin yadda yake. Chhau tana da alaƙa ta ƙut da ƙut da addinin Hindu da kuma al'adun ƙabilun yankin. Babban lokacinta shi ne bikin Chaitra Parva, a ƙarshen watansu na Chaitra, wanda yake faɗawa wajen tsakiyar watan Afrilu, lokacin zafi kafin saukar damina, kuma bikin yana tattare da bautar Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, da azumin wasu masu bauta, da ɗauko tulun ruwa daga kogi a cikin jerin gwano. Labaran da ake nunawa da yawansu daga manyan littattafansu na Ramayana da Mahabharata aka ɗauko su, kuma wanda aka fi so a Puruliya shi ne labarin Durga, wata abar bautarsu, da ta kashe Mahishasura, mugun da yake rikiɗa ya zama ɓauna. Wasan Puruliya yakan buɗe da fitowar Ganesha, mai kan giwa.

Tare da haka, ba duk rawar ce ta ƙunshi waɗannan ba. Akwai na mafarauci, da na masunci, da na tsuntsaye, da na yaƙi zalla, kuma a yau ana yin ta a bukukuwan aure, da dandalin gwamnati, da makarantu, har ma ana amfani da ita wajen wayar da kan jama'a. Abin da nake ganin ya dace ku gaya wa ɗalibai shi ne gaskiya biyun tare: al'ada ce ta wasu mutane masu addini dabam da namu, akwai ɓangarenta da yake bauta a wurinsu wanda Musulmi ba shi da hannu a ciki, akwai kuma ilimin horon jiki da sana'ar hannu da tarihi wanda saninsa yana ƙara wa mutum fahimtar duniya. Hukuncin shari'a a kan kallo da kiɗa fanni ne na malaman fiƙihu, kuma Madarunfa da Maraɗi ba su rasa su ba.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya: Ita kaɗai ce irinta a Indiya?

Amsa: A'a, Alhaji. A jihar Kerala ta kudu akwai Kalaripayattu, tsohon ilimin faɗa wanda horon jikin ƴan wasan Kathakali, wani wasan kwaikwayo na rawa, ya ɗebi abubuwa da yawa daga gare shi. A Manipur ta arewa maso gabas akwai Thang-ta, na takobi da mashi, mabiya addinin Sikh a Punjab suna da Gatka, mutanen Tamil Nadu kuma suna da Silambam, wasan sanda na gora. A Odisha kanta rawar Paika tana nan. Abin da ya fifita Chhau a idona shi ne ta yi nisa wajen mai da faɗa ya zama harshen ba da labari, har ta iya nuna dare ko teku da jikin da aka hora don sara.

Tambaya, daga wani ma'aikacin gidan rediyo mai shirin al'adu: An ce UNESCO ta karɓi wannan rawa. Me hakan yake ƙara wa masu yin ta, kuma ko wasanninmu na jarumta za su iya samun irin wannan?

Amsa: Abokin aiki, haka ne, a watan Nuwamba na 2010, a taron da aka yi a Nairobi, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sanya Chhau cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam waɗanda ba gini ba ne ba kuma kaya ba, a ƙarƙashin yarjejeniyar kare irin waɗannan al'adu ta shekarar 2003. Amma ina so a fahimci cewa wannan rajista ba albashi ba ce. Tana jawo ido, tana ɗora wa gwamnati nauyin kulawa da ba da rahoto, tana kuma buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar gayyata, amma manomin Puruliya da ya kwana yana tsalle har yanzu da abin da mai biki ya ba shi yake komawa gida. Bayanin da UNESCO ta yi a kan rawar ma ya ambaci barazanar da take fuskanta, wato matsin tattalin arziki, da yaɗuwar masana'antu, da sababbin kafafen nishaɗi da suke raba mutane da dandali.

Aikin da ya ceci Chhau an yi shi ne shekaru hamsin kafin UNESCO. Bayan Indiya ta samu ƴancin kai a 1947, aka haɗe masarautu da jihohi, Seraikela a 1948, Mayurbanj a farkon 1949, sai fada ta rasa ƙarfin ɗaukar nauyin masu rawa, abin ya shiga wani hali. Abin da ya tare faɗuwar shi ne kafa cibiyar koyarwa ta gwamnati a Seraikela a 1960, da wata a Baripada a farkon shekarun 1960, da kuma tallafin Sangeet Natak Akademi, hukumar ƙasa mai kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Salon Puruliya kuwa, wanda ya fi zama na ƙauye, masanin al'adu Ashutosh Bhattacharya ne ya fito da shi idon duniya a shekarun 1960, kuma daga nan ne Gambhir Singh Mura, mutumin karkara daga Charida, ya kai ga yin wasa a ƙasashen waje ya kuma karɓi Padma Shri a 1981, Nepal Mahato ya biyo shi a 1983. Idan ƙasa ta rataya wa ɗan ƙauye lambar girma saboda abin da ya gada, yaran ƙauyen sukan daina jin kunyar koyonsa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan jeri. An sanya kiɗan imzad na Abzinawa a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, an sanya wasan taubasai na Nijar a 2014, a makwabta kuma bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan Daba na Kano a 2024. Saboda haka babu abin da ya hana kokowa ko dambe ko wasan tauri a bisa ƙa'ida. Sai dai gwamnati ce take miƙa takardun, ba mutum ɗaya ba, kuma sharaɗi ne a nuna cewa masu al'adar sun amince, an kuma riga an shigar da ita cikin kundin al'adun ƙasa. Wannan kundi ba ya cika sai an je wurin sarkin tauri da sarkin dawa da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu, a Maraɗi da Tibiri da Tasawa da Gidan Rumji, an ɗauki muryarsu da hotonsu, an rubuta sunan kowane kamu da kowane taku da kiɗan da yake tafiya da shi, da wanda ya koya wa wa. Gidan rediyo irin naku yana da na'urar ɗaukar magana da kuma amincewar waɗannan dattawa, kuma shirin mako guda a wata da aka keɓe wa dattijo ɗaya zai tara abin da ma'aikatar al'adu za ta iya dogara da shi ranar da ta tashi haɗa takardun.